Haƙoran Bukar

Zuwa ga Mushe Lokotoro, likitan Nasara mai duba samari lokacin ɗaukar soja a Gure.

Gaisuwa mai yawa da ban girma. Ina fatan kana lafiya, kai da mutanen gidanka. Ni ce Hajara, mai fura a bakin kasuwar Gure. Mijina ya rasu, ɗana namiji ɗaya ne, Bukar. Ban iya rubutu ba, malamin unguwarmu na sa ya rubuta, na kuma roƙa a karanta a kasuwa kafin tafinta ya kai maka, don maganar ba tawa ce ni kaɗai ba.

Na farko. Duk shekara kana zuwa, a jera mana ƴaƴa a rana, ka buɗe bakin kowa ka leƙa, yadda ake yi wa raƙumi ranar kasuwa. Mai haƙora lafiyayyu a tafi da shi, mai giɓi a sallame shi. Mu ma muna da ido, Mushe, mun gane. Yanzu daga nan har Kelle akwai uwayen da ke hana samarinsu asuwaki. Ni tun Bukar bai iya ɗaura wando ba nake tsare shi da asuwaki safe da yamma, da kurkure baki da ruwan kanwa. Ashe abin da zai sa a ɗauke min shi nake gyarawa.

Na biyu. Da aka yi shelar zuwanka bana, Bukar ya tafi wurin wani maƙeri ban sani ba, aka cire masa haƙora uku da awartakin ƙira. Lafiyayyu ne, ko tsutsa babu. Ɗaya ya karye, gindinsa ya zauna a ciki. Ba na wanke Bukar daga laifi, wauta ya yi, kuma na gaya masa har ya gaji da ji. Sai dai ba ragwanci ba ne. Ya duba ya ga in ya tafi babu mai riƙe min gona, kuma waɗanda suka tafi ba duka suke dawowa ba.

Ranar da ka duba shi kumatunsa ya riga ya kumbura. Ka leƙa, ka ga babu soja a ciki, ka ɗaga hannu a kawo na gaba. Ciwon kuwa ka gan shi, don ko makaho zai ji warinsa.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni barci. Da ina tsammanin ciwon baki a baki yake tsayawa. Ba haka ba ne. Dasashinsa na fitar da mugunya, kumburin ya sauko wuya, masassara ba ta sakinsa. Tuwo ya gagare shi, sai fura tsararo da nake ɗura masa da ludayi. Saurayin da ke ɗaukar buhun gero shi kaɗai, yau sai an tallabe shi zuwa bayan gida. Na yi bagaruwa, na yi kanwa, wanzami ya yi ƙaho, malam ya yi rubutu. Na kai shi ɗakin maganinku a kan jakin maƙwabci, mai tsaron ƙofa ya ce wanda ya ɓata bakinsa don gudun soja ba shi da rabo a maganin Nasara. Muka juyo, ina riƙe da shi kar ya faɗo.

Ga roƙona. Kafin ka koma Damagaram, a bar Bukar ya shiga, ka cire wannan guntu, ka wanke wurin. In akwai horo a kansa, a jira ya tashi tukuna, ni da kaina zan kai shi gaban kumandan. Sa'an nan in ka leƙa bakin ɗan wani ka ga ciwo, ka ba shi magani, ko da ba za ku ɗauke shi ba. Ku kuma nemi wata hanyar zaɓen mutanenku, don maƙeran ƙasar nan sun fara samun aikin da ba nasu ba.

Allah ya ba ka lafiya, ya maishe ka gida wurin mahaifiyarka da haƙoranka cif. Kun ce Bukar bai isa soja ba, na yarda. Ni ya ishe ni ɗa, kuma ba ni da wani.

Wassalam.

Hajara mai fura, Gure.