Shekarar da Alƙali Ya Ba Mu

Kano, 14 ga Yuli, 2007

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakiyar bazara, ruwan farko mai tayar da ƙamshin ƙasa, Malam Sharfaddeen. Amincin Allah ya tabbata a gare ka. Gaisuwa ce daga wadda ba ta da sauran ikon kiran ka mijinta, amma zuciyarta ta ƙi koyon wani sunan.

Ƙanwarka Fanta ce za ta kawo maka wannan takarda ƙauyenku Zurgu. Ta ce akwai ranakun da kake tashi garau, har ka nemi abin karantawa. Na roƙe ta ta ajiye ta sai irin wannan rana.

Ka tuna daminar farko bayan aurenmu, shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano? Ka taso daga makarantar da kake koyarwa, ka ɗauko ni a babur daga ɗakin shan magani na Kibiya. Ruwa ya tare mu a hanyar Rano, muka fake a gindin ɗorawa. Ka cire babbar rigarka ka lulluɓa min, haƙoranka na kaɗawa, kana rantsuwa wai zafi kake ji. Dawa ta yi kore shar hagu da dama, ni kuwa ban ga abin da ya kai ka kyau ba a duk faɗin gonakin nan. Wace mace ce aka yi wa haka, sannan ta gudu ranar da sanyi ya kama mai rigar?

Ni ce, farin watana. Da ka fara jin muryoyi, ka ce rediyo na ambaton sunanka, ka ƙi cin girkina don wai an zuba wani abu, tsoro ya kama ni. Ma'aikaciyar jinya ce ni, na iya karɓar haihuwa da ɗinkin rauni, amma ban san ko sunan abin da ya same ka ba. Ranar da ka kifar da tukunyar miya na kwashi kayana. Baba ya kai maganar kotu. Alƙali bai raba mu nan take ba, ya ba da shekara guda. Na zauna ɗakin Inna ina lissafin watanni, ko sau ɗaya ban leƙo ka ba. Da shekarar ta cika aka raba auren.

Yau wata takwas ke nan ina karatun digiri na biyu a kan kula da masu matsanancin taɓin hankali. Mu goma sha ɗaya ne a aji: likitoci, mu masu jinya, masana halayyar ɗan Adam, jami'an walwalar jama'a, lauya ɗaya, da wani limami, Malam Ramalan. An haɗa mu ne domin likita ya san allura, amma bai san wanda zai riƙo hannun mara lafiya ya kawo shi ranar allurar ba. A asibitin da muke koyon aiki na ga wani tela da ya shekara huɗu yana zance shi kaɗai. Yanzu ya koma kan kekensa. Duk wata matarsa ce ke rako shi, ta zauna kusa da shi a benci tana gyara masa hula. Ba na iya kallonta.

Makon jiya ana tattauna batun wata mata da ta nemi rabuwa da mijinta mara lafiya, sai Malam Ramalan ya ce, "Shekarar da alƙali ke bayarwa ta neman magani ce, ba ta zaman jira ba." Na tabbata alƙalinmu ya faɗi haka, kunnena ne ya ɗauki abin da yake so. Wata goma sha biyu aka damƙa min, abin ƙaunata, na bar su suka zube kamar ruwa a rariya. Ina zan samo su?

Fanta ta ce tun bara akwai mari a ƙafarka, yayanka Ja'afaru ya sa maka don kada ka bi daji. Ban ga laifinsa ba. Shi ya tsaya, ni na tafi.

Watan gobe za a turo mu aikin koyo Rano, ni na roƙi a sa ni. Larabar farko za mu zo Zurgu tare da likita da Malam Ramalan. Don Allah ka yarda a duba ka. Ba zan ɓoye maka ba, maganin yana sa barci da nauyin jiki, kuma ban yi alkawarin muryoyin za su tafi duka ba. In ba ka son ganin fuskata, zan tsaya a zaure har a gama.

Mutum biyu sun zo neman aurena, na ce Baba ya ba su haƙuri. Na gaya masa ranar da ka samu sauƙi, in ka ce da bakinka kana so, a sake ɗaurawa. In kuma ka ce a'a, hakkinka ne, ba zan yi kuka a gabanka ba. Amma ko da aure ko babu, duk ranar allurarka za ka tarar da ni a bakin ƙofa.

Taka har ranar da za a rufe min ido,
Ramlatu