Bel ɗin Baya

Litinin, 4 ga Afrilu

Sharon ta kira daga ofis. Da ta fara da tambayar ko gida ya bushe, na san akwai magana a baya. Ga maganar: in ban samu mota ba zuwa 29 ga wata, tsofaffina bakwai za a raba wa wasu. "Noelene, kin san aikin nan. Mai bin tsofaffi gida-gida ba ta yi da ƙafa." Na sani mana. Shekara goma sha ɗaya ina yi.

Sati biyar ke nan da ambaliya ta shanye motata a ƙofar gida, ruwa har saman sitiyari. Inshorata karo ta sani, ba ta san ruwa ba. Motar tana garejin Trevor, mijin ƙanwata Gail, ƙofofi huɗu a buɗe kamar banƙararriyar kaza. Abin da ke hannuna dala dubu uku da ɗari takwas. Kafin ruwa, da wannan sai in zaɓa in darje. Yanzu rabin garin nan mota suke nema.

Na kasa zama. Na sake wanke kofunan da na riga na wanke.

Laraba, 6 ga Afrilu

Bas biyu da doguwar tafiyar ƙafa zuwa gidan Mista Kostas. Shekara tamanin da uku, tsohon bakanike, ƙafa ta gaza amma baki yana nan daram. Ina yanke masa farce yana ba ni karatu.

"Ruwa ba ya kashe mota ranar da ya shige ta, yarinya. Zama yake cikin wayoyi yana ci a hankali. Wata huɗu, wata biyar, kina kan gangara, sai birki ya ce ga garinku nan."

Na ce to yaya zan gane, tunda kowa wankewa yake ya sayar.

"Kar ki ɓata hancinki a kafet, kowane ɓarawo ya san ya wanke kafet. Bel ɗin kujera za ki ja. Ja shi har ya ƙi zuwa. Can cikin naɗin laka take kwana, ba mai tunawa da ita. In kin ga na gaba sabo fil a tsohuwar mota, koma na baya."

Shi ne kaɗai a duniya yake ce min yarinya, ni mai shekara hamsin da huɗu. In aka ba wata shi, ba za ta san yana ɓoye maganinsa cikin tukunyar fulawa ba.

Asabar, 9 ga Afrilu

Mota ta farko. Fara, tana sheƙi, dubu uku da rabi. Mai ita ya fesa mata turare har ido na yaji. Wai ta matarsa ce, tana kan tudu lokacin ruwa. Kowa yanzu motarsa kan tudu take. Ban san garin nan yana da tudu haka ba.

Na zauna, na ja bel. Baƙi, baƙi, baƙi, sai ga ja. Busasshiyar laka, kamu biyu, har da warin kogi. Na riƙe ina kallonsa.

Ya ce, "Kofi ne ya zube."

Na ce matarsa tana shan kofi da yawa. Na fito. Mutum ya dubi idonka ya sayar maka da akwatin gawa.

Lahadi, 10 ga Afrilu

Biyu yau. Duka laka.

Talata, 12 ga Afrilu

Gail ta kai ni gonar wata tsohuwa, Misis Doherty, can bayan tsauni inda ruwa bai je ba, tana sayar da motarta. Bel huɗu tas. Inji kamar agogo, ga littafin sabis cike da hatimi. Amma ƙanƙarar shekarar da ta wuce ta yi mata luguden da ban taɓa gani ba. Rufi, bonet, but, duk ramuka, kamar mai zanzana. Launin kuma na kunun da ya kwana. Dubu huɗu da ɗari biyu.

Gail ta ce, "Ai tafiya za ki yi da ita, ba aurenta ba."

Na ce ba zan tsaya da wannan abu a ƙofar gidajen mutane ba. Na rasa kujeruna, na rasa hotunan Mama, na tsaya layi ana miƙo min bargon sadaka. Ba zan ƙara da hawa abin da yara za su nuna ba. Araha ba ta ado, an faɗa. Kuma ma kuɗina bai kai ba.

Alhamis, 14 ga Afrilu

Trevor ya ce in zo. Na tarar da motata a waje, ƙofofi a rufe. Ya murza makulli, ta tashi bugu ɗaya. Na ji hawaye, ban san daga ina ba.

Ya busar da komai, ya sa sabon kafet, ya canza mai sau biyu. Amma ya ce kar in hau ta zuwa aiki. "Ba ta da dogon kwana, Noels. Sayar da ita. Dubu uku, ki haɗa da naki, ki sayi ta mutunci."

Na ce masu sayen ɓaraguzan motoci ɗari biyar suka ce.

"Wa ya ce masu ɓaraguzai? Sa ta a intanet. Ba ki ce ta sha ruwa ba, ba ki ce ba ta sha ba. Mai saye yana da ido."

Na ja bel ɗin direba, na ga sabo. Ya yi dariya, wai ya ji labarina, duk garin an san matar da ke jan bel. Na gaba biyu ya canza. Na baya fa? "Wa ke jan na baya?"

Litinin, 18 ga Afrilu

Kwana goma sha ɗaya ya rage. Akwai wata shuɗiya a wurin dillalin motoci, dubu shida da rabi, bel tas, jiki tas. Na je na kalle ta sau uku kamar mai zuwa zance.

Na sa tallar. "Tana tashi bugu ɗaya, sabon kafet." Ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Na karanta sau goma, ba ƙarya.

Na share baranda. Na gyara durowar cokula. Na sake share baranda.

Laraba, 20 ga Afrilu

Mista Kostas ya tambayi tsohuwar motata. Na ce masu ɓaraguzai za su ɗauka. Ya ce madalla. Na yanke masa farce har na kusa taɓa nama, ya ce yau hannuna ba nawa ba ne.

Laifi tudu ne. To. Amma wanda ya faɗi haka ba shi da Sharon a wuya.

Juma'a, 22 ga Afrilu

Wani ya kira, sunansa Selwyn. Shi da abokansa mutanen tsibiran Vanuatu ne masu tsinkar 'ya'yan itace a gonakin saman tsauni. Gobe za su zo. Bai ko nemi ragi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Asabar, 23 ga Afrilu

Su uku suka zo a bas, riguna a goge kamar masu zuwa coci. Su shida suka haɗa kuɗin, yana cikin ambulan a aljihun Selwyn, yana ta dafa shi. Daga gonar zuwa kanti tafiyar awa ɗaya da rabi ce a ƙafa. Na san hanyar. Gangara ce tun daga sama har gada, lanƙwasa bakwai a cikinta, na ƙirga su shekaru.

Suka zagaya motar, suka buga taya, suka leƙa inji kamar yadda nake leƙawa kafin karatun Mista Kostas, wato ba su ga komai ba. Selwyn ya shinshina kafet ya ce tana ƙamshi.

"Mama, mu kwale-kwale muka sani, ba mota ba. Ke za ki faɗa mana. Lafiyarta ƙalau?"

Na ce tana tashi bugu ɗaya. Trevor yana jingine da ƙofar gareji yana gyaɗa kai.

Ɗayansu, Ruben, ƙato ne, ya cika kujerar baya shi kaɗai. Suna tsokanarsa wai sai an biya masa kuɗin mutum biyu. Ya ja bel zai gwada ko zai zagaye cikinsa. Yana ja, ina kallo. Ya ja, ya ja, ya maƙala. Ya tsaya. Bai fi faɗin tafin hannu ya rage ba kafin a kai ga lakar. Ya buga cikinsa ya ce, "Kun gani? Ta karɓe ni."

Selwyn ya ciro ambulan.

Ban yanke shawarar komai ba, ina so in rubuta wannan a sarari. Hannuna ne. Sati biyu yana jan bel ɗin mutane, ya saba. Na sunkuya ta kan kafaɗar Ruben na ce bai zauna daidai ba, na ja har ya ƙi zuwa. Ja-wur, ta bushe ta tsage, har gari ya zubo masa a farar riga.

Sai na ji kaina ina faɗa musu duk karatun Mista Kostas, wayoyi, wata huɗu, gangara, birki. Na ce kowace mota suka je gani su ja bel har ƙarshe, su fara da na baya.

Selwyn ya mayar da ambulan aljihu a hankali. Na zaci zai zage ni, da na fi so. Ya ce, "Ruwa ya shiga gidanki ma, Mama?" Na ce har taga. Ya ce su ma guguwa ta taɓa kwashe musu ƙauye, ya san warin. Ruben yana kakkaɓe riga ya ce ai dama motar ta matse shi.

Na ba su kuɗin bas, suka ƙi karɓa.

Lahadi, 24 ga Afrilu

Trevor: "Kwana tara ina kwance ƙarƙashin motar nan. Kafet daga aljihuna. Ki je waliyyai su ba ki mota." Ya kashe waya. Gail ta ce in bar shi ya huce. Yana da gaskiyarsa, don ni ya yi. Wannan ne ke cina.

Shuɗiyar an sayar da ita, na gani da na wuce. Ban ma tsaya ba.

Talata, 26 ga Afrilu

Masu ɓaraguzai sun ja ta. Ɗari biyar. Na cire ƙaramin giciyen Mama daga madubi, na bar wurin kafin su ɗaga ta.

Na kira Misis Doherty ina addu'ar a ce an saye. Ba a saye ba. Wa zai saya? Ta ce dubu huɗu, in kuma zan riƙa kawo mata maganinta daga gari in na biyo ta wajen, ta ƙara min da tayar safaya.

Juma'a, 29 ga Afrilu

Na kira Sharon ƙarfe takwas na ce ta bar min mutanena.

Mista Kostas ya fito har bakin titi da sandarsa, abin da bai yi ba tun Kirsimeti. Ya zagaya Zanzana, sunan da na sa wa motar ke nan, ya sa yatsa cikin wani rami a bonet. Ya ce a shekara sittin na aikinsa bai taɓa ganin mummunar mota irin wannan ba. Ya ja bel huɗu ɗaya bayan ɗaya. Ya sa na tayar da ita, ya rufe ido yana saurare.

"Wannan duk ciwonta a fuska yake, yarinya. Za ta binne ni, ta binne ki."

Ban ce ina sonta ba. Kujerar dai ba ta ciwon baya. Yaran layinmu sun nuna ta, ban mutu ba. Trevor har yau shiru, amma Gail ta ce ya tambayi lambar injin Zanzana.

Da yamma na zauna a baranda na sha shayi har ƙasan kofi. Ban tashi share komai ba.

Selwyn ya turo hoton wata mota, wai ko zan duba musu. Na rubuta masa cewa ni ba bakanike ba ce, kuma ba ni da lokaci.

Gobe ƙarfe goma. Na ce su taho da Ruben, shi zai zauna a baya.