Nana ta buɗe baki

Zuwa ga ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zaman Legas? Da fatan kana lahiya, kai da abokan aikinka. Mu nan Rimawa kowa lau, Inna ma ƙafar ta yi sauƙi.

Albishirinka! Ɗiyarka Nana ta fara magana! Ka san yadda shirunta ya hana matarka Hadiza sukuni, shekara ukku ba ko "Inna", har munka fara shawarar asibitin Sakkwato. To yanzu sai mun roƙe ta ta yi shiru.

Hausar tata kuwa ita ka ƙera abinta. Ta ji muna cewa ƙofofi da tagogi, sai ta ɗauka kome haka yake. Kajin gidan nan sun koma "kazozi". Da mai kawo muna nono ta shigo, Nana ta tambaye ta ina "saniyoyinta", matar ta yi dariya har ta kusa kifar da ƙwarya. Inna tac ce kada wanda ya gyara mata, mi za a gyara wa bakin da munka yi ta roƙon Allah shi buɗe?

Ranar kasuwar Goronyo Nana tana ƙofar gida tana kallon maza suna wucewa bisa mashin. Ta daɗe tsaye, sannan ta ja zanena tac ce, "Gwaggo, ga babobi da yawa, nawa bai zo ba."

Sani, ka taho da Sallah. Ka gaishe da abokinka Malam Isa, ku sa mu cikin addu'a.

Yayarka,
Asma'u