Kifin Ba Zai Bar Ɗakin Baba Ba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sauƙaƙa miki aikin nan da ya hana ki sakat. Mu nan kalau muke. Gwaggo ta yi mana kwana biyu ta koma, ta bar mu kunnuwanmu na hutawa.

Saƙonki ya iso, cewa ƙanwar mijinki za ta zo ranar Asabar ta ɗauki kifin da kika bar min ajiya, wai za ta sa shi a kwalba a kan teburin ofishinta. Yaya, ki gaya mata kada ta wahalar da kanta, ba zan ba ta ba. Na san naki ne, kuma tun muna yara ban taɓa yi miki musu ba, amma wannan karon na ƙi. Da za ki tafi wata uku kika ce, yau ga shi shekara ɗaya da rabi. Ni da ban san kifi ba sai a tukunya, na koyi ɗiga magani a ruwan famfo kafin na zuba masa, da canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako, da duba na'urar ɗumama ruwa, da rufe murfin tankin saboda tsalle yake yi. Mai sayar da kifi ya ce irinsa, beta, ba ya jure sanyi. A kwalba ƙarƙashin na'urar sanyaya ofis ko wata ɗaya ba zai yi ba.

Amma ba wannan ne babban dalilina ba. Kin san tun da ɓarin jikin Baba ya shanye ya daina magana, daga “to” sai “a'a”, fuskarsa a bango. Da za a yi wa falo fenti na mayar da tankin ɗakinsa, sai na lura ya juyo yana kallon jan kifin nan yana baza jela. Wata rana ya miƙo hannu mai lafiyar yana nuna gwangwanin abincin kifin. Don murna na bar masa. Ashe duk lokacin da ya ci, sai ya zuba wa kifin, har da ƙari. Cikin kifin ya kumbura, ya koma iyo a karkace. Mai sayarwa ya ce a hana shi abinci kwana biyu, sai na ɓoye gwangwanin a kan kabad.

A rana ta biyu Baba ya kira ni da muryar nan da ke sa mu laɓewa bayan ƙofa. Harshensa da nauyi, amma ko kalma ɗaya ban rasa ba. Ya ce a gidansa ba a taɓa barin baƙo da yunwa mai gida yana ci ba, ya kuma tambaye ni wa ya rene ni. Ya ture farantinsa, ya ce ba zai ci ba sai baƙo ya ci. Yaya, ana yi min faɗa ina kukan daɗi, domin wata takwas ke nan ban ji doguwar magana daga bakinsa ba. Da ƙyar muka daidaita a kan ya ba kifin ƙwaya uku da safe, uku da yamma. Yanzu da hannun da ya shanye yake tsintar su, motsa jikin da likita ya yi ta roƙonsa ya yi yana ƙi.

To, wannan ne za a ɗauka don ƙawata tebur? In har kina son kifinki, kada ki turo kowa. Ki zo da kanki, ki shiga ɗakin, ki ɗaga tankin a gaban idonsa. Jiya ya tambaye ni ko wadda ta kawo masa baƙon ta manta hanyar gidan ne. Amsar tana wurinki.

Ki gaida maigidan da yara, musamman Auta. Ki gaida ƙanwar mijin taki ma, ba ni da wani abu da ita. Gwaggo da Kawu suna gaishe ki.

Ni ce ƙanwarki, wadda ta yi taurin kai yau kawai.