Katin Zaɓe Kafin Awon Jini

Yaya Salisu,

Gaisuwa mai yawa daga Komah. Yaya jikinka, yaya iyali da mutanen Dapaong?

Ka tuna Hajara, malamar asibitin nan da ta zo daga Burkina, Inna ta sauke ta a gidanmu? Ta ajiye jinya, wai takarar depite take, wato 'yar majalisa. Ranar Juma'a ta kafa rumfar awon hawan jini kyauta. Inna ta je tana dogara sanda, aka ce sai ta nuna katin zaɓe. Hajara na kallo aka sallami Inna ba a auna ta ba.

Ranar da ta shigo gidanmu da jaka ɗaya, wace takarda Inna ta tambaye ta?

Ka sa Inna a addu'a, ka gaida kowa. In Hajara ta zo neman ƙuri'arka, ko tabarma kada ka shimfiɗa mata.

Ƙanwarka,
Asabe