Kwanon ɗakin Inna ya cinye, ta ce ba inda za ta

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin ka sakaya sunana da na ƙauyenmu, ya isa a ce muna gefen Tsanyawa. Don Allah ku ba ni shawara, amma wanda zai yi magana ya karanta har ƙarshe tukuna, ba na son a yanke hukunci a kan rabin zance. Zan kawo abin daki-daki yadda ya faru.

Ni manomi ne, da rani ina ɗan kai gero da wake Dawanau. Ni ne ɗan fari a wurin mahaifiyata, muna ce mata Inna. Wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da hakan yake nufi. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta cin abinci a gabana, in tana da magana da ni sai ta dubi ƙanwata ta ce a gaya wa wancan, alhali ina tsugune a ƙofar ɗakin. Ban taɓa jin haushi ba, tarbiyyarsu ce. Ƙanwar tawa mijinta ya rasu, ita ce take kwana da Inna, domin bara Inna ta gamu da shanyewar ɓarin jiki, ba ta iya tashi sai an tashe ta.

Ɗakin Inna ginin ƙasa ne tun na mahaifinmu, da rufin soro ne, kowace damina sai an yi ta fama da yaɓe. Bayan rasuwar Baba, shekarar da wake ya yi albarka, na sa aka sauke soron aka buga mata kwano mai fenti, ja, irin wanda ake cewa ba ya tsatsa. Mai shagon har cewa ya yi jikokina ne za su gaje shi.

Daminar farko iska ta yaye kwanon maƙwabcinmu ta jefa shi cikin gonar dawa. Inna ta ce a gaya wa wancan, farantin nan da ya kifa mata a ka, ba za ta kwana a ƙarƙashinsa ba sai an danne shi. A wurinmu haka kowa yake yi, a jera tubali da duwatsu a gefen kwano, a kwaɓa ƙasa a ɗora masa rawani ya zagaye, iska ta rasa inda za ta kama. Haka muka yi, kuma duk shekara kafin ruwa ya sauka sai mun ƙara yaɓe a kai. Tsakani da Allah iska ba ta taɓa ɗaga shi ba.

Bana ruwa yana sauka aka fara ganin ɗiga a kusurwar gabas, ruwan kuma ja-ja kamar an jiƙa goro. Da farko na sa daro. Da ya ƙi, na hau na bi kan ƙusoshi da kwalta, a zatona nan ne. Bai tsaya ba. Sai na kira kafinta. Ya hau ya ɓanɓare rawanin ta gefe ɗaya, ya ce in zo in gani da idona. Jama'a, daga ƙasa in ka ɗaga kai kwanon nan ja wur yake kamar jiya aka buga, amma duk inda ƙasa ta kwanta a kansa fenti ya saɓule, tsatsa ta cinye shi kamar ganyen da tsutsa ta bi, da yatsa na danna ya ɓurma. Ya ce duwatsun sun kankare fentin, ƙasar kuma ba ta bushewa duk damina. Abin da ya ɗaga mini hankali shi ne, ɗigar da muke tara a daro kaɗan ce, yawancin ruwan cikin bangon yake bi, kuma ba bana ya fara ba. Kan katakon da ya zauna a bangon ya ruɓe, bangon gabas ya jiƙe har gindi, ga tsaga ta fito ta waje hannu yana shiga. Ya sauko ya ce ba zai sake taka gefen nan ba, kuma shi ko akuyarsa ba zai ɗaure a jikin bangon ba. Gadon Inna a jikinsa yake.

Mun ja gadon, amma ɗakin ƙarami ne, in katako ya sauko babu inda zai bari. Na tokare bangon da gwafa ta waje, na lulluɓa tampol a sama, iska ta yaga shi. Kafinta ya ce gyara ɗaya ne, a fitar da ita, a sauke kwanon, a rushe bangon a sake ɗagawa, kuma ba aikin da za a yi da mutum a ciki ba ne.

Nan maganar ta tsaya. Ɗakin da ya rage mai kyau a gidan na matata ne, ginin bulo. Matata ta ce za ta kwashe yara ta koma zaure, ta bar wa Inna ɗakin gaba ɗaya. Inna ta ce a gaya wa wancan, ita ba ta lalace ba da za ta hau gadon surukarta, a yi da ita a bakin rijiya. Na ce to a gyara mata zauren, ta ce ita ba baƙuwar almuru ba ce. Na ɗauko Kawu, ƙaninta, ya yi ta lallashi, ta ce masa kai da na goya har ka yi mini fitsari a baya, yau kai za ka koya mini inda zan kwanta. Ya tashi yana dariyar yaƙe. Liman ya zo ya yi mata nasiha a kan kada mutum ya jefa kansa ga halaka, ta yi ta cewa to Malam, Allah ya saka. Yana fita ta ce ajali in ya zo ko a ɗakin siminti sai ya iske mutum, nan aka kawo ta tana amarya, nan za a fitar da ita.

Ranar na kasa haƙuri. Na tsaya a ƙofar na ce in ba za ta fito da daɗi ba, zan shiga in ɗauke ta da hannuna. Sai ta juyo ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce da ni, ba da ƙanwata ba, in ka ɗaga ni daga ɗakin nan ban yafe maka ba. Na juya na bar ƙofar.

Tun daga ranar ba ni da sukuni. Ina tsakiyar noma in na hango hadari ya haɗo ta gabas, sai in yar da fartanya in yo gida da gudu, in zo in tsaya ina kallon bango, ba abin da zan iya. Ƙanwata kuma ta ce in Inna ba ta fita ita ma tana ciki, rai biyu ke nan. Jiya da la'asar wani curin ƙasa ya ɓallo daga sama ya faɗi kusa da matashin Inna, ta ce a share maza kada wancan ya gani. Ƙanwata ta share, sannan ta zo ta faɗa mini tana kuka. Ga marka tana tafe, lokacin da ake wuni ana ruwa.

Matata ta kawo dabara, a ce za a kai Inna asibiti a duba jikinta, kafin a dawo an sauke kwanon, dole ta kwana a wani ɗakin. Ni ban taɓa yi wa Inna ƙarya ba, kuma na san za ta gane, ban san ko furucin nata zai hau kaina ta wannan hanyar ba.

Malaman da ke cikin zauren nan da masu tsofaffi a gida, ku faɗa mini. In na ɗauke ta da ƙarfi don in tsirar da ranta, wannan rashin yafiyar zai kama ni a wurin Allah? In yi dabarar asibitin? Ko akwai wata magana da ake faɗa wa tsohuwa irin Inna ta sauko, wadda mu duka ba mu sani ba? Na yarda ta yi fushi da ni tana raye, in dai za a ce mini akwai ranar da za ta janye. Abin da ba zan iya ba shi ne in tono ta da hannuna daga ƙarƙashin bango. Ku taimaka ku amsa yau, hadari yana haɗuwa yanzu haka da nake rubutun nan.