Ruwan da Aka Ce Ya Biyo Hadiza Gida

Zuwa ga ƙanwata Saude,

Bayan sallama, ina gajiya, ina zaman Ikko? Yaya Malam da yara? Mu nan Roni lafiya, alhamdu lillahi.

Jikata Hadiza ta zame cikin tafki. Matan Fulani masu wanke ƙore suka tsamo ta, ta ɗan yi tari, ta koma wasanta. Amma maƙwabciyarmu Inna Gambo ta ce ruwa kan biyo yaro gida, ya nutsar da shi a kan tabarma. Sai muka hana ta shan ruwa, kada mu ƙara masa ƙarfi. Ta wuni tana kallon randa, ni kuwa ina kallon ƙirjinta yana tashi yana sauka kamar tafkin da hantsi, ina tambayar kaina: kulawa ce wannan ko raunin tawakkali?

Washegari na kai ta asibiti, malamin asibitin ya duba ta ya ce, "Baba, da ruwa ya taɓa huhunta, da tun jiya kun ga haki da tari da kasala. Wannan ƙishirwa ke damunta."

Da hannuna na miƙa mata moɗa. Har yanzu nakan ji ƙarar haɗiyarta a cikin sujada.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida mutanen gida.

Yayarki,
Rabi